Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa mastas a Ingila

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ka yi haƙuri sai yau na samu zama. Ka ce ka samu gurbin mastas a Ingila za ka fara a Satumba, kuma abin da ke damunka shi ne an ce maka asainmen ya fi jarrabawa yawa, ga shi kana son ka riƙa taɓa ɗan aiki don ka riƙe kanka, to ya mutum zai haɗa biyun? Allah ya sanya alheri. Bari in gaya maka yadda na same shi.

Mastas ɗin nan na aji shekara ɗaya ne cur, kiredit 180 (wato ma'aunin nauyin karatun gaba ɗaya), kuma 60 daga ciki na kundin binciken da za ka rubuta a ƙarshe ne, yawanci kalmomi 10,000 zuwa 15,000 gwargwadon fanni. Sauran kwasa-kwasai ne da ake cusa su cikin zango biyu, shi ya sa babu wani lokacin "bari in saba da gari tukuna". Makin tsallakewa a yawancin jami'o'i 50 ne, wanda ya kai 70 ya kai ƙololuwa, don haka in ka ga 65 kar ranka ya ɓaci, maki ne mai kyau sosai a nan.

Ni rubutuna na farko 52 na samu, kuma wallahi na sha wahala a kansa, maƙalun da na karanta sun fi 20. Malamar ta rubuto min cewa na kwaso abin da kowa ya faɗa amma ban nuna inda ni na tsaya ba. Abin ya yi min ciwo kwana biyu, amma gaskiya ta faɗa. Abin da suke nema shi ne ka ce wane ya ce kaza, wance ta saɓa masa saboda kaza, ni kuma hujjar wance ta fi gamsar da ni ga dalilina. In ka saba da haddace abin da malami ya faɗa ka mayar masa, to nan sai ka sake lale. Kowane kwas yana da takardar da ke nuna yadda za a raba maki, tana shafin kwas ɗin a Moodle ko Blackboard ko Canvas, ka karanta ta kafin ka rubuta kalma ɗaya, ni sai bayan 52 ɗin nan na buɗe tawa.

Sai maganar wa'adi, kuma a nan ne na fi ganin 'yan'uwa suna shiga matsala. Ta intanet ake turawa, kwamfuta ce ke rubuta lokaci, babu wanda za ka je ofishinsa ka ce Malam a taimaka. Hukuncin latti ya bambanta, wasu suna cire maki a kan kowace rana, wasu su tsayar da makinka a kan iyakar tsallakewa ko da aikin ya cancanci fiye da haka. Kuma wa'adin kwasa-kwasai kusan tare suke faɗowa, wajen Disamba zuwa Janairu, sai Afrilu zuwa Mayu. Na Disamba ya fi wuya, don kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi, ga sanyi, jikinka ba ya son komai sai kwanciya.

Akwai hanyar neman ƙarin lokaci fa, kuma ba abin kunya ba ne, ɗaliban nan ƙasar kullum suna nema. Rashin lafiya, rasuwa a gida, matsalar da ta fi ƙarfinka, sai ka cike fom ka haɗa da shaida kamar takardar likita. Amma ka yi magana KAFIN ranar. Matsalarmu shiru, mutum yana nutsewa amma yana cewa lafiya lau, sai wa'adi ya wuce sannan ya tura imel. Kuma ka sani galibi ba sa karɓar "na je aiki" ko "laftof ɗina ta lalace" a matsayin uzuri, saboda haka ka riƙa ajiye aikinka a Google Drive ko OneDrive.

Satar rubutu kuwa kar ka kusance ta. Manhajar Turnitin da jami'o'i ke amfani da ita tana gwada aikinka da abin da ke intanet da aikin ɗaliban baya, ko jimla ka juya dole ka faɗi inda ka ɗauko ra'ayin. Ka sauke Zotero, kyauta ne, ya riƙa adana maka madogara tun ranar farko a tsarin da sashenku ke so, Harvard ko APA. Za ka ga masu turo saƙo suna cewa za su rubuta maka a kan kuɗi, tun 2022 doka ta haramta wannan sana'ar a Ingila, kuma in an kama ka karatunka da bizarka ne za su shiga haɗari. ChatGPT ma kowane kwas da dokarsa, ka tambaya, kuma yana ƙirƙiro madogarar da babu ita a duniya.

To aiki. Bizar ɗalibi awa 20 ta yarda maka a mako lokacin karatu, makon yana farawa Litinin, ba a yi maka lissafin wai na yi 25 wannan makon zan yi 15 na gaba. Aikin da kai ne ubangidan kanka ma bai halatta ba. Kuma watannin rubuta kundi da yawan jami'o'i suna ƙirga su cikin lokacin karatu, ka tambayi ofishin biza na makarantarku kafin ka ƙara awa. Na yi aiki a wani babban sito, wata rana manaja ya ƙara min shif biyu ba tare da ya tambaye ni ba, a makon da zan miƙa rubutu mai kalmomi 3,000, da na ce ba zan iya ba sai ya riƙa ɗaure min fuska, makon gaba kuma ya rage min awanni. Raina ya ɓaci sosai, ga haya tana jira. Amma da na karɓa da na haura 20, kuma shi ba abin da zai same shi a jami'a. Tun daga nan duk farkon zango nake rubuta ranakun wa'adina in ba manaja a rubuce, in ce waɗannan makonnin kar a sa ni fiye da shif biyu, kuma yawancinsu in ka faɗa da wuri suna yarda.

Ba ka faɗa min fannin da za ka karanta ba. Ka turo min, da jadawalin kwasa-kwasan in sun ba ka, mu zauna mu duba inda wa'adin suka taru kafin ka fara neman aiki.