Zuciyar ɗana na bugawa da sauri tun da ya fara maganin ADHD

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 8 yana da lalurar galahanga, wato otizim, kuma an ce yana da ADHD, rashin natsuwa da ƙiriniyar da ta wuce kima. Tun da aka ɗora shi a kan Ritalin nake jin zuciyarsa na bugawa da sauri. In dakatar da maganin?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Ki fara ƙirga bugun tukuna.

Ƙwaƙwalwa na sarrafa zuciya ta jijiyoyi iri biyu: masu zaburar da ita lokacin tsoro ko motsi, da masu lafar da ita lokacin hutu. Yara da dama masu galahanga, ɓangaren zaburarwar ne ya fi rinjaye a jikinsu, shi ya sa hayaniya ko baƙuwar fuska kaɗai kan sa ƙirjinsu dakan uku-uku. Ritalin kuma ɓangaren nan yake ƙara wa ƙarfi, amma a yawancin yara ƙarin bai wuce 'yan bugu kaɗan a minti ba.

Ki bar shi ya zauna minti 5, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ta gefen babban yatsa, ki ƙirga na cikakken minti ɗaya. Ki yi da safe kafin ya sha, ki sake bayan awa 2 da shan maganin, ki riƙa rubutawa har mako guda. In ba ya son a taɓa shi, kada ki tilasta masa, kokawar ce za ta ɗaga bugun. Ki jira ya yi barci. Ɗan shekarunsa kan yi wajen bugu 70 zuwa 110 a minti in yana hutawa. In ya dawwama sama da 120, ki koma wurin likitansa a rage maganin, a kuma duba zuciyar.

Sau da yawa laifin na wani abu ne daban: zazzaɓi, ƙarancin jini, ƙishirwa, shayi mai kauri, lemon kwalba mai sinadarin kafin (caffeine), maganin mura na toshewar hanci, ko abin shaƙa na asma.

Suma, ciwon ƙirji ko haki yayin wasa kuwa, asibiti a ranar, kuma kada a sake ba shi maganin sai likita ya gani. Yaron da bai iya faɗin ciwonsa ba, ki lura ko yana dafe ƙirji ko ya daina gudun da ya saba. Ki sanar da likita in an haife shi da ciwon zuciya, ko in a iyaye da 'yan'uwansa na jini an taɓa mutuwar fuju'a kafin shekara 40, don a yi masa ECG, wato gwajin yadda zuciya ke bugawa.

A auna bugu da hawan jini duk sanda aka canza adadin magani, da kuma duk wata 6, a auna jinin da maɗaurin hannu na yara, domin na manya kan nuna ƙasa da gaskiya. In an haɗa masa da kilonidin, wani maganin da ake ba wasu masu ADHD, wannan rage bugu yake yi, kuma ba a yanke shi farat ɗaya, jini kan hau.