Ga mai tambaya kan mastas a fannin tsara birane

Salamu alaikum. Ɗan'uwa da ya ce yana da digirin jogarafi, yana son yin mastas a fannin tsara birane da yankuna amma yana tsoron ɓata shekarunsa: ni ma ta nan na biyo.

Sai da na yi difloma ta gaba da digiri kafin a ɗauke ni, don ban taɓa zane ba. Kada ka raina wannan shekarar. Akwai sashen a BUK, akwai a ABU Zariya. Kafin ka sayi fom, tambayi ko TOPREC ta amince da kwas ɗin, wato hukumar da dokar 1988 ta kafa don yi wa masu tsara birane rajista. Shaidar jami'a daban, rajista daban.

A aji mun karanta tsarin Trevallion, masanin tsara birane da ya zana yadda Kano za ta faɗaɗa daga 1963 zuwa 1983. Mun haddace dokar filaye ta 1978 da dokar tsara birane ta 1992. Amma wallahi ban san me nake karantawa ba sai ranar da bincikena ya kai ni wata unguwar awon igiya a gefen Kumbotso. Gonar gado ce, magada suka kira dillali aka yayyanka, aka bar lungun da ko adaidaita sahu ba ya shiga. Ba filin makaranta, ba magudanar ruwa. Wani dattijo ya kama hannuna ya nuna min shatin da ruwan damina ya bari a jikin katangarsa, daidai ƙuguna. Ya ce, "Ɗana, nan da kududdufi ne. Da shara aka cike shi aka sayar mana." Kuma ban ga laifinsa ba, abin da ƙarfinsa ya kai ke nan. KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ita ce ke ba da izinin gini, amma sau da yawa kafin takarda ta iso mutane sun tare, har an yi suna.

Don haka idan ka shiga, kada ka rubuta kundinka daga kan tebur. Zaɓi wurin da za ka taka da ƙafarka, ko bakin Jakara, ko jikin ganuwa inda gini ke cinye ta. Ka fara gaida mai unguwa kafin ka ciro takardar tambayoyi, in ba haka ba za a ɗauka rusau ka zo aunawa, kowa ya kama bakinsa.

Ka fara koyon QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, tun yanzu, kyauta ce, ka kuma tanadi kwamfuta mai ɗan ƙarfi da kuɗin zirga-zirga.

Batun aiki kuwa, gurbin gwamnati ba shi da yawa, gaskiya ke nan. Cikin waɗanda muka gama tare, masu hannu a taswira su suka fara samun abin yi, wasu a kamfanonin awo, wasu a koyarwa. Idan ka sa rana, yi min magana in raka ka unguwar nan, dattijon yana nan.