Kawu, Ga Dalilin Zuwanmu Kallon Tsuntsaye

Kawu, barka da war haka. Saƙonku ya iso, har da dariyar da kuka ce 'yan majalisa a Tudun Wada sun sha da suka ga hotunan: wai magidanta da gemunsu sun biya kuɗin jirgin ruwa don kallon tsuntsu, ko danƙo ba su riƙe ba.

Ba mu musa ba, mun biya. Skomer ake ce wa tsibirin, can ƙuryar yammacin Wales, a Birtaniya. Daga Cardiff, babban birnin Wales, kusan awa biyu da rabi ne a mota, sai jirgin ruwa na kamar minti 15, kana sauka kuma matakala 87 na jiran gwiwarka. Babu mai shayi, babu mai tuwo, shi ya sa matanmu suke kwana suna haɗa dambun nama da cincin.

Tsuntsun da ake zuwa dominsa, fafin, shi ne shamuwar mutanen nan. A teku yake rayuwa, sai wajen watan Afrilu ya hau tudu ya yi ƙwai ɗaya tak a cikin rami, ƙarshen Yuli ya ɓace. A tsibirin nan kaɗai sun haura 40,000. Girmansa bai wuce na tantabara ba, baki kamar an sa masa lalle. Wani ya tsaya gaban takalmina da 'yan kifaye jere a baki, yana jira in kauce masa. Na kauce. Ba a sauka daga turba ko taku ɗaya, don ƙasar duk ramuka ce, ka taka ka rufta kan ɗan tsako.

Ku da kuke Kaduna, zumunci har gida yake iske ku: suna, ɗaurin aure, hirar bayan la'asar. Mu a nan sai an sa masa rana. Hunturu kan kulle kowa a ɗaki wata da watanni, aiki ya cinye sauran. To idan rana ta buɗe, mukan haɗa motoci uku ko huɗu mu fita, yaranmu da aka haifa a nan su yini suna jin Hausa a bakin wanda ba ubansu ba. Azahar da la'asar mun haɗa su a gefen turba, iska na neman tafiya da darduma.

Halima ta tambaya ko shamuwa tana yarda a matso kusa da ita haka. Na ce ta bari sai ta zo, ta tambayi Kawu da bakinta. A gaida Inna.