Filin Tambaya da Amsa: Mota ta mutu a kan gada, aka ja ta da igiya

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon tambayoyin sun yi yawa sosai tunda damina ta kankama a Legas, na zaɓi guda huɗu, sauran sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina da Camry otomatik. Ranar Asabar ta mutu min a tsakiyar gadar Third Mainland, na kira ƙanina ya zo da bas ɗinsa muka ɗaura igiya ya ja ni har Agege. Bakanike ya gyara, ashe famfon mai ne, amma tun daga ranar giya take fizga, in na taka sai injin ya yi ta ihu motar bata tafiya. Dan Allah menene matsalar?

Amsa: Alhaji Allah ya kiyaye gaba, kuma ka gode wa Allah da kuka sauka daga gadar nan lafiya, domin tsawonta ya kusa kilomita 12 kuma motoci gudu suke a kai kamar ba gobe. Gaskiya ɗaya ce, jan nan da aka yi shine ya taɓa maka giya. Mota otomatik akwai famfo a cikin giyabos ɗinta wanda injin ne yake juya shi, shine yake zagaya man giya ya shafe ƙarafan ciki ya sanyaya su. Toh in injin a kashe yake famfon nan baya aiki, amma tayoyin gaba suna ƙasa suna juyawa, suna juya kayan cikin giyar a bushe, ko da ka saka ta a N ne. Daga gada zuwa Agege kuwa ba nan kusa bane.

Abin da zaka fara yi, ka je wajen mai gyaran giya, ba kowane bakanike ba, a zaro man giyar a ɗiga a kan farar takarda ka gani da idonka. Mai lafiya ja ne garai-garai kamar zoɓo. In ka ga ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, yana warin ƙuna kamar an bar tukunya a wuta, ko ka murza shi a yatsa ka ji ɗan gari-gari, toh faifan ciki sun ci wuta. In bai kai haka ba wani lokacin canza mai da filta yana taimakawa, in kuwa ya kai sai dai a sauke giyar, ko ka nufi kasuwar kayan mota ta Ladipo neman giya tokumbo, wato ta hannu daga ƙasar waje, kuma kar ka je kai kaɗai, tafi da wanda ya san kan abin.

Kuma bari in ɗan tsaya a nan domin abin yana damuna. Mutanenmu muna gudun kuɗin janwe sai mu jawo wa kanmu wanda ya ninka shi sau da yawa. Camry da tayoyin gaba take ja, saboda haka janwe ya ɗaga gaban, na baya su bi ƙasa. Motar da take ja da taya huɗu kuma, irin wasu Highlander da RAV4, sai dai a ɗora ta gaba ɗaya a kan mota mai shimfiɗa. Ko manuwal ce ma, wadda jan ta da igiya baya cutar da giya, akwai abin da mutane basa sani sai sun shiga ciki: in injin ya mutu birki yana ɗaukar taku biyu ko uku ne kawai sannan ya ƙage ya zama kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Na taɓa gani da idona a wajen Oshodi, na gaba ya taka birki saboda ɗan okada, na baya ya miƙe tsaye a kan birki da ƙafa biyu amma ina, sai da ya shige bayan ɗan'uwansa, lagireto ya fashe ruwa na ta tsiyaya a titi. In ya zama dole a ja manuwal da igiya, a bar makulli a kunne don kar sitiyari ya kulle, a ɗaura a ƙugiyar da aka yi don haka, motoci da yawa tana cikin but kusa da safaya ana murɗa ta a wani rami a jikin bamba, kar a ɗaura a ƙafar mota, a saka jan ƙyalle a tsakiyar igiya saboda masu tsallakawa, a tafi a hankali igiya a miƙe, kuma zuwa wuri mafi kusa kawai. Amma a kan gada ko babban titi irin Legas zuwa Ibadan, kunna dabul tirafiketa, ajiye sikoshin, wato alamar gargaɗi mai kusurwa uku, nesa da bayan mota, kowa ya fita ya matsa gefe, a kira 767 ko 112 na gaggawar jihar Legas, ko 122 na hukumar kiyaye haɗurra.

Tambaya: Mijina yana tafiya, ni nake kai yara makaranta daga Idi-Araba. Jiya na shiga ruwa ya kai rabin ƙofa motar ta mutu, yaran unguwa suka tura ta gefe. Maƙwabcinmu yace in yi ta tayarwa zata tashi. In yi?

Amsa: Hajiya dan Allah kar ki taɓa makullin nan. Injin iska yake shaƙa ya matse ta, ruwa kuwa baya matsuwa, in ya shiga ta wajen filtar iska kika tayar sai sandar fistin ta lanƙwashe ko ta karye, daga nan maganar sabon injin ake. Ki sa a cire kan batir, bakanike ya zo har inda take. Ya buɗe filtar iska ya ga ko ta jiƙe, ya zaro sandar gwada baƙin mai, in ya fito fari-fari kamar shayi da madara toh ruwa ya shiga. Sai ya cire fulogi duka ya fitar da ruwan, a yi juye, wato a canza baƙin mai, a canza filta, sannan a gwada. A ɗaga kafet ɗin ciki ma a shanya domin akwai wayoyi a ƙarƙashi. Nan gaba in kika ga ruwa ya haura rabin taya, ki juya ko ki jira ya janye, makaranta zata fahimta.

Tambaya: Na sayi taya beljiyam a kan hanya, zanenta da kyau, amma abokina yace ta mutu. Taya tana mutuwa ne?

Amsa: Sosai ma ɗan'uwa. Duba gefenta inda aka rubuta DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ta tsattsage ko da zane bai cinye ba, ga zafin kwalta ga lodi. In ka ga ƙananan tsaga ko ƙullutu a gefe, cire ta yau.

Tambaya: Takardar rodwodines ɗina, wato ta shaidar lafiyar mota, ta kusa ƙarewa, wani yace in bashi kuɗi ya kawo min ba sai na kai mota ba. Ya halatta in yi haka?

Amsa: Ban baka shawara ba ƙanina. Tun farkon 2022 gwamnatin Legas ta ce sai an duba mota kafin a bada takardar, akwai cibiyoyin LACVIS da suke gwaji da kwamfuta, kamar ta Ojodu, suna duba birki, fitilu, ƙafa da hayaƙi. Takardar da aka kawo maka ta bayan gida ƙila ma ta bogi ce, ranar da 'yan VIO suka tare ka kai zaka yi bayani, mai kawowa baya nan. Kuma ni a ganina gwajin nan amfaninka ne, mota a garin nan gosulo yana cin birkinta, iskar teku mai gishiri tana cin ƙasanta da tsatsa, kai kuma baka shiga ƙarƙashi kana gani. Kafin ka je ka zagaya motar da daddare wani ya taka maka birki ka ga fitilun baya duka suna kawowa, ka duba waifa, hon, man birki, ka ɗauki tukunyar kashe gobara da sikoshin da safaya mai iska. In ka daɗe baka yi juye ba ka yi, mai yawan zama a gosulo kar ya wuce kilomita 5,000, domin injin yana aiki ko mota bata motsi. Ka je da sassafe kafin layi ya yi tsawo.