Yaba Aikin Mutum, Ka Bar Jikinsa

Wani ɗan'uwa daga Kano da ke aiki a kicin ɗin wani gidan abinci a birnin Lyon na Faransa ya rubuto: "Malam, abokan aikina suna kyautata mini, ina son in yaba musu amma bakina ya yi nauyi. Me zan ce da Faransanci?"

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah Ya dafa maka. Fara da abin da ke gabanka. Idan mai dafa abinci ya ba ka ɗanɗano, ce masa "C'est délicieux", wato ya yi daɗi sosai. In an gayyace ka gida ka ci ka ƙoshi, "Je me suis régalé" ta fi faranta ran mai gida. Abokin aiki ya gama aiki da kyau, ka ce "Bon travail" ko "Bravo". Haihuwa, aure ko ƙarin girma kuwa, "Félicitations" ce barkarsu. Shugabanka da duk wanda ya girme ka, "vous" (wato "ku" ta girmamawa) za ka ce musu, ba "tu" (wato "kai" ko "ke") ba, sai in su suka ba ka izini.

Inda nake jin tsoro a kanka shi ne yabon jiki. A gida mukan ce wa mutum "ka yi ƙiba, ka murje", ya ji daɗi. A can, "Vous avez grossi" cin fuska ce. Ce "Vous avez bonne mine", ma'ana alamun lafiya sun bayyana a fuskarsa. Kuma don Allah kada ka taɓa ce wa mace "Tu es bonne" da nufin ta iya aiki, batsa ce. Abin da ake faɗa shi ne "Vous êtes douée". Tun shekarar 2018 dokar Faransa ta tanadi tara ga mai jifan mata da kalaman batsa a titi, kuma mai jiran sabunta takardar zama ba ya son sunansa ya je wurin 'yan sanda.

In kai aka yaba, kada ka sunkuyar da kai ka yi shiru irin kunyarmu, za su ɗauka ba ka ji daɗi ba. Dubi mutum ka ce "Merci, c'est gentil."

Idan ka sa hannu a yarjejeniyar zama da OFII, hukumar kula da baƙin da suka zo zama a Faransa, darussan Faransancinsu kyauta ne, kada ka yi fashi. Yanzu sai an ga shaidar matakin harshenka kafin a ba da katin zama na shekaru da yawa.