Kafin ka sayi sabon tantani, rufe bawul ɗin tanki ka gwada

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta tambayarka: na'urar tace ruwa ta RO, wato mai tura ruwa da matsi ta cikin siririn tantani don cire gishiri da datti, mai galan 75 a rana, shekara biyu tana aiki, yanzu in ka buɗe famfo sai ta ba ka kofi ɗaya da ƙarfi, daga nan sai ɗigo. Ka canja filtoci ba ta canja zani ba, kuma an ce maka ka sayi sabon tantani, wato abin da masu gyara ke kira mambiren.

Dakata tukuna, kada ka saya. Ni na taɓa faɗawa wannan ramin. Wani mai gyara ya zo, ko geji bai ɗora ba, ya ce tantani ya mutu. Na saya aka saka, washegari ruwa na nan yadda yake. Ashe iskar tanki ce ta tsere, abin da famfon keke ya gyara cikin minti goma.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, ruwan da ke fitowa da ƙarfi a famfo ba tantani ne ke turo shi a lokacin ba. Tantani a hankali yake aiki. Galan 75 kusan lita 284 ke nan a awa 24, wato wajen mililita 200 a minti, kuma wannan lissafin kamfani ne, a ruwa mai ɗumin digiri 25 da matsi kamar psi 50 zuwa 60 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne). A gida da wuya ka samu haka cif. Saboda haka ruwan yana taruwa ne a tanki kaɗan-kaɗan, tankin kuma shi ke koro shi idan ka buɗe famfo. Tambaya ta farko ke nan: na'urar ce ba ta samar da ruwa, ko tankin ne ba ya miƙo abin da aka ba shi ajiya?

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. Rufe ɗan bawul ɗin da ke saman tanki, buɗe famfo, ka bar shi minti biyu ko uku ya daidaita, sannan ka tara kofin awo na minti ɗaya. In ka samu mililita 100 ko fiye, siririn ruwa da ba ya yankewa, tantaninka na da rai. A bar shi ya huta.

Yadda ka kwatanta matsalar, kofi ɗaya da ƙarfi sannan ɗigo, ni tanki nake zargi. A cikinsa akwai roba kamar balan-balan da ta raba ruwa da iska. Ruwa na shiga yana danne iskar, ita kuma iskar ce ke turo shi waje. In iskar ta ragu, tanki zai cika maƙil amma ba mai koro ruwan. Ɗaga shi lokacin da famfo ke ɗigo. In ka ji nauyi kamar an cika shi da yashi, ka kama ɓarawo.

Gyaran kuwa, rufe ruwan da ke shiga na'urar, buɗe bawul ɗin tanki da famfo, ka bari ya tsiyaye. A jikin tankin, gefe ko ƙasa, akwai bakin iska irin na tayar mota a ƙarƙashin wata 'yar hula. Sa famfon keke ka riƙa bugawa a hankali, za ka ga ruwa ya ci gaba da fita. Ci gaba har ya ƙare ƙaf, tanki ya yi sakayau. Sai a nan za ka auna iskar, ka daidaita ta a psi 7 ko abin da aka rubuta a jikin tankin, yawanci tsakanin 5 da 8 ne. Kada ka auna tanki da ruwa a ciki, ƙarya geji zai yi maka. Kuma ka nemi geji mai karanta ƙaramin matsi, na tayar mota ba ya gane psi 7 da kyau. Wasu kan ce bari in ƙara iska da yawa ruwa ya fi ƙarfi. A'a, iska ta yi yawa, wurin ruwa ya ragu, sai tanki ya riƙa ɗaukar rabin abin da ya saba. In kuma ka danna bakin iskar ruwa ya fito maimakon iska, robar ta fashe, ba faci, sai sabon tanki.

To in gwajin farko ya nuna ɗigo ne kawai ko da tanki a rufe fa? Nan sai ka duba tiyon da ke zubar da ruwan banza. Shi ne mai ba da labari. A irin waɗannan na'urori na gida, lita uku ko huɗu kan tafi magudana kafin a samu lita ɗaya mai kyau.

In duka biyun sun yi rauni, mai kyau da na banza, matsalar tana kafin tantani: ruwa ba ya isowa da ƙarfi. Bi tiyo da hannu ko ya lanƙwashe a bayan wani abu, duba bawul ɗin shiga ko ya buɗe sosai. Ka ce ka canja filtoci, amma duka ka canja? Da yawa kan canja farar filtar farko saboda ita ake ganin dattinta, su bar na gawayi, alhali shi ma yana toshewa ba tare da ya nuna ba. Sannan matsin ruwan gidan. Ƙasa da psi 40 tantani jan ƙafa yake yi. In daga tankin sama ruwanka ke saukowa, ka tuna tsayin mita 10 ba ya ba da fiye da psi 14 da ɗoriya, dole sai da ɗan injin ƙara matsi. In kana da shi, saurara ka ji ko yana tashi, ka kuma duba adaftarsa, ita ke yawan mutuwa kafin injin.

In na banza yana kwarara sosai amma mai kyau ɗigo, duba 'yar maƙurar da ke kan tiyon magudana. Aikinta ta matse hanyar fita don matsi ya taru a kan tantani. In ta lalace, ko an manta ba a mayar da ita ba, ko an bar bawul ɗin wanke tantani a buɗe, ruwa zai bi hanya mai sauƙi ya wuce abinsa. In kuma na banza ya ɗauke gaba ɗaya, maƙurar ta toshe, kuma kada ka bar na'urar tana aiki haka, don gishirin da ya kamata ya fita zai daskare a jikin tantani ya kashe shi da gaske.

Sanyi ma na da hannu. Duk digiri ɗaya da ruwa ya sauka, ana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na abin da tantani ke fitarwa. Daga digiri 25 zuwa 15 ka yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, ba tare da komai ya lalace ba.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya nake ɗora wa tantani laifi. Shekara biyu zuwa uku yakan yi, ƙasa da haka in ruwan mai yawan kalsiyam ne. Mitar TDS, mai auna yawan gishiri da ma'adanan da suka narke a ruwa, za ta taimaka: in ruwan shiga ya nuna 300, mai fita bai kamata ya wuce 30 ba. Abin da ya ba ni mamaki da farko, tantanin da kulorin ya cinye ba rage ruwa yake yi ba, ƙarawa yake yi, sai dai ruwan ba ya tacewa. Wanda gishiri ya toshe shi ne ke ɗigo.

Yi gwajin rufe tankin yau da dare. Ka dawo mana da mililita nawa ka tara a minti ɗaya, da ko tankin na da nauyi, da yadda tiyon magudana ke zuba, sai mu ɗora daga nan.