Tambaya da amsa: Sayen tsohon agogon Amurka a gwanjo

Tambaya: Malam, na ga agogo mai sunan Seth Thomas a wani gwanjo na intanet a Amurka, an ce ya haura shekara 100 kuma yana aiki. Shin wannan ya isa in taya shi da tsada?

Amsa: Malam, bai isa ba, domin tsufa kaɗai ba ya sa agogon Amurka tsada. Tun daga 1807, lokacin da Eli Terry ya karɓi kwangilar ƙera injinan agogo 4,000 na katako a jihar Connecticut, maƙeran yankin suka rungumi ƙera agogo da yawa a farashi mai sauƙi, sannan Chauncey Jerome ya fito da injin tagulla mai araha wajen 1838. Kamfanonin Seth Thomas da Ansonia da Waterbury sun cika gidaje da agogo, shi ya sa har yau ake samun nasu birjik. Waɗanda ake rububinsu su ne irin na Simon Willard, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a 1802, da manyan agogunan E. Howard na Boston.

Abin da nake so ka fi sa wa ido shi ne ko injin da gidan agogon tare suka fito daga masana'anta, saboda sau da yawa ana ɗauko inji daga wani agogo a dasa a gidan wani, kuma irin wannan haɗe-haɗe yana karya daraja ƙwarai. Ka nemi masu gwanjon su cire fuskar agogon su turo maka hoton cikinsa. Idan ka ga ramukan ƙusa a allon baya waɗanda babu komai a cikinsu, to akwai alamar wani inji ya taɓa zama a wurin. Ka duba takardar maƙeri da ake mannawa a ciki. Wadda ta yi duhu, gefenta ya ɗan zagwanye, ta fi kwantar mini da hankali a kan mai fari tas. Haka ma zanen bayan gilashi: na asali, ko da ya fara ɓarewa, ya fi sabon fenti daraja. Sunan da ke kan fuska kuwa kada ka dogara da shi, don an sha rubuta sunan Willard a agogon da bai taɓa gani ba.

Batun yana aiki ko ba ya aiki ƙarami ne, mai gyara zai iya tayar da injin tagulla.

Kafin ka yi tayi, ka nemi rubutaccen bayanin yanayin agogon, domin galibi yadda kaya yake haka ake sallamawa, babu mayarwa. Ka lissafa la'adar gidan gwanjo, wadda takan haura kashi 20 cikin 100, da kuɗin dako da na kwastan, ka tsayar da iyakarka tun kafin a fara. Idan an sallama maka, ka jaddada a cire ƙarfen lilo da ƙarafan nauyi a naɗe su daban, in ba haka ba za su farfasa gilashin a hanya.